Tiya, Dala da Ɗan Aiken Na'ura: Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aiki

Akwai wani rubutu da ke ƙara nauyi a duniyar kwamfuta, alhali yawancin mutanen da zai shafa ba za su taɓa ganinsa da idonsu ba. Gajere ne, sau da yawa bai wuce layi biyar zuwa goma ba. Ana rubuta shi ne domin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta karanta, ta san wane kayan aiki ne aka ajiye a gabanta, me yake yi, kuma yaya ake riƙe shi. Idan rubutun ya tsaya da ƙafafunsa, aiki ya tafi daidai. Idan ya gurgunce, manhajar na iya tura kuɗi inda ba a ce ba, ko ta faɗi farashin da babu shi a kasuwa, kuma ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa.

Da wane ma'auni ake bambance bayani nagari da na banza, kuma wa ya cancanci ya riƙe ma'aunin? Na zaɓi in auna wannan tambaya da Gabi, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, domin gari ne na bakin iyaka inda kuɗi biyu, awo iri-iri da salon rubutu biyu suke cuɗanya kullum. Bayanin da ya ci jarrabawar Gabi zai ci ta kusan ko'ina.

Ɗan aike da kayan aikinsa

Lokacin da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, magana kaɗai ta iya. Ka yi tambaya, ta ba ka amsa daga abin da ta koya, shi ke nan. Ba ta san farashin gero na yau ba, ba ta iya duba asusun kowa. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da mai gina manhaja zai jera wa basirar wasu ayyuka, ita kuma ta zaɓi wanda ya dace ta kira shi: wannan na neman farashi, wancan na duba hasashen ruwan sama, ɗayan na tura saƙo ko kuɗi. Daga nan mai magana ya koma ɗan aike. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ta daidaita yadda ake haɗa irin waɗannan kayayyakin aiki da kowace basira. OpenAI ya karɓe ta a watan Maris na 2025, Google ya biyo baya, a Disambar 2025 kuma aka miƙa ta ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Yau dubban kayayyakin aiki ne ke yawo a kan wannan ƙa'ida, kowa da wanda ya rubuta shi.

Kowane kayan aiki yana gabatar da kansa ga ɗan aiken da abubuwa uku: sunansa, bayaninsa cikin jimloli na yau da kullum, da jerin guraben da ake cikewa kafin ya yi aiki, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa, lamba ko rubutu ko kwanan wata. Ɗan aiken ba ya ganin cikin injin. Waɗannan abubuwa uku su ne iyakar saninsa.

Mu kwatanta shi da baƙo mai kaifin basira wanda ya karance littattafan duniya, amma yau da safe ya sauka a gari, aka ba shi takarda aka ce ya je kasuwa. Bai san kowa ba, bai san awon garin ba, ba shi da damar komawa wajen wanda ya rubuta takardar ya tambaye shi, gobe kuma zai wayi gari ya manta duk abin da ya gani yau. Abin da ɗan gari zai cike da saninsa, baƙo zai cike shi da hasashe. Nagartar takardar ita ce gwargwadon yadda ta rage masa buƙatar hasashen.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka. A watan Disambar 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa, a lokacin da suke gina ɗan aike mai gyaran manhajoji, sun fi ɓata lokaci a kan gyaran kayayyakin aikin fiye da babban umarnin da suka ba shi. Sun lura yana kuskure idan an bar shi ya rubuta adireshin fayil a gajarce, sai suka wajabta cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren ya kau. Ba su taɓa ƙwaƙwalwar ɗan aiken ba. Takardar da kayan suka gyara.

Me ya haɗa Gabi da wannan magana?

Ɗan aiken na'ura bai zama ruwan dare a Gabi ba tukuna, amma hanyar da zai biyo ta riga ta zama burtali. Mai bincike Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar salula Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage saɓanin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa ya samu damar jin farashi kafin ya ɗaura kaya. Hukumar SIMA ta daɗe tana tattara farashin amfanin gona a kasuwannin ƙasar. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma tana da cibiyar da manomi ke kira a waya ko ya aika saƙon murya ta WhatsApp a ba shi shawara da Hausa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun shiga rayuwar jama'a. Duk waɗannan ayyuka ne na tambaya da amsa, na duba rumbun bayanai da tura kuɗi, wato daidai ayyukan da ake ɗora wa ɗan aiken na'ura a wasu ƙasashe. Ranar da wani ya haɗa su da basira, manomin Gabi zai yi magana da Hausa a wayarsa, can a bayan fage kuma wata takarda da bai gani ba ce za ta yanke abin da zai same shi.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoma ta samu irin wannan ɗan aike mai kayan aiki uku: na neman farashi, na duba hatsin da ke ajiye a rumbun ƙungiya, da na biyan kuɗi. Da wannan misali za mu bi ma'aunan ɗaya bayan ɗaya.

Ma'auni na farko: me yake yi, yaushe, kuma ina iyakarsa?

Mafi yawan bayanai marasa kyau ba ƙarya suke yi ba, rowar magana suke yi. Wani zai rubuta, "Yana kawo farashi," ya tashi. Farashin me? Na sari ko na awo? Na wace kasuwa? Na yau ko na makon jiya? Mai rubutun ya san amsar duka, shi ya sa bai ga buƙatar rubuta su ba. Kwatanta da wannan: "Yana kawo farashin awo na gero, dawa, masara da wake a kasuwannin jihar Maraɗi da ke cikin jerin da ke ƙasa. Ana sabunta shi sau ɗaya a mako, kuma kowace amsa tana ɗauke da ranar da aka ɗauki farashin. Ba ya kawo farashin dabbobi ko na taki, ba ya kawo na kasuwannin Najeriya. Idan ana son sanin hatsin da ke rumbun ƙungiya, a yi amfani da kayan duba rumbu." Jimloli huɗu ne, kowace ta toshe wata ƙofar ɓata.

Jimlar da aka fi mantawa da ita ita ce ta iyaka. Ɗan aiken na'ura yana da son ya biya buƙata ko ta halin ƙaƙa. Idan aka tambaye shi farashin gero a Jibiya ta Najeriya, kuma ba a gaya masa kayan aikinsa bai ƙetare iyaka ba, yana iya ɗauko na Ɗan Isa ta Nijar ya miƙa a matsayin amsa. Haka nan idan kayan aiki biyu suna da suna mai kama da juna, dole kowanne ya faɗi abin da ya raba shi da ɗan'uwansa, domin kama da wane ba ta wane.

Ma'auni na biyu: awo, kuɗi, suna da kwanan wata

A nan ne Gabi take da darasin da za ta koyar da duniya. A kasuwannin jihar Maraɗi da tiya ake auna hatsi, ana ƙiyasta tiyar gero kusan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma kusan tiya 40. Amma nauyin tiya yana canzawa daga gero zuwa wake zuwa gyaɗa, yana kuma canzawa da yadda aka cika ta. Manomi kuwa a gona da dami yake lissafi. Gurbin da aka rubuta masa "adadi" kawai, ba a ce tiya ko kilo ko buhu ba, rami ne da aka rufe da tabarma.

Kuɗi ya fi haka haɗari. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. A jaridun Hausa na Najeriya kuwa, da aka ce dala, kuɗin Amurka ake nufi, kuma mafi yawan rubutun Hausa da basirar ta koya daga can ya fito. Idan wata mata a Gabi ta ce a tura wa ɗanta dala ɗari biyu, jika guda take nufi. Bayanin kayan biyan kuɗi da bai faɗi haka ƙarara ba ya bar dukiyarta a hannun hasashe.

Ko a tsakanin manyan kamfanonin biyan kuɗi ta intanet ma awon ba ɗaya ba ne. Paystack na Najeriya yana karɓar adadi da kwabo, wato naira 500 ana rubuta ta 50000. A wajen Stripe kuwa sefa tana cikin kuɗaɗen da ba su da ƙaramin kashi, sefa 500 ana rubuta ta 500 yadda take. Ɗan aiken da ya ɗauko al'adar wannan ya kai wa wancan zai yi kuskure ninki ɗari, ko sama ko ƙasa. Ga kuma waƙafi: wanda ya yi karatu da Faransanci idan ya rubuta 2,5 biyu da rabi yake nufi, ɗan Najeriya kuma da waƙafi yake raba dubbai, 2,500 a wajensa dubu biyu da ɗari biyar ce. Ga canji: sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655,957 kan yuro guda a rubutun Faransanci, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 darajarta ke hawa da sauka. Kayan aikin canji dole ya faɗi na wace rana ne, kuma na banki ne ko na ƴan canjin bakin iyaka.

Sunaye ma suna da nasu tarkon. Takardun gwamnati suna rubuta Madarounfa, Bahaushe yana rubuta Madarumfa. Wani rumbun bayanai yana da Maradi, mai tambaya ya rubuta Maraɗi da ɗ mai ƙugiya. Nijar tana amfani da harafin ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Lambar ƙasa ta Nijar a tsarin duniya NE ce, ta Najeriya NG, kuma a rubutun Ingilishi sunan ƙasar Nijar da na jihar Neja iri ɗaya ne. Lambar wayar Nijar tana da alƙaluma takwas bayan +227, ta Najeriya goma bayan +234. Kwanan wata 03/04 a Maraɗi da Katsina uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris.

Bayani nagari ba ya barin ko ɗaya daga cikin waɗannan a buɗe. Yana faɗin awo da sunansa, yana ba da misali na gaske, inda kuma zaɓin ƙidayayye ne, kamar sunayen kasuwanni, yana jera su domin ɗan aiken ya zaɓa daga jerin maimakon ya rubuta daga kansa. Gurbin lambar mai karɓa a kira shi lambar mai karɓa, kada a tsaya ga "mai karɓa" har ɗan aiken ya cusa suna a inda ake son lamba.

Ma'auni na uku: abin da yake dawowa da shi

Rabin bayanin yana cikin amsar da kayan aikin ke mayarwa, musamman ranar da abu ya ƙi. Saƙon da ya ce "kuskure 400" bai koya wa ɗan aiken komai ba, sai ya yi ta maimaita abu ɗaya ko ya ƙirƙiro amsa. Saƙon da ya ce, "Ba a san kasuwa mai wannan suna ba, ga waɗanda aka sani," ya nuna masa hanyar gyara. Haka nan a raba tsakanin "babu bayani" da "sifili". Idan ba a ɗauki farashin wake a wannan mako ba, amsar ta faɗi haka, kada ta dawo da 0 har a gaya wa manomi waken nasa ba shi da daraja.

Yawan amsa ma abin dubawa ne. Basira tana karanta rubutu ne a guntayen kalmomi da ake kira token, kowane guntu kuɗi ne, kuma abin da take iya riƙewa a lokaci guda yana da iyaka. Shi ya sa manhajar Claude Code ta ƙayyade amsar kayan aiki ga token 25,000 sai in an canza. Wanda aka tambaye shi farashin gero ya juye farashin shekara goma na kasuwanni hamsin ya ɓata kuɗi, ya kuma binne amsar a cikin tarkace.

Ma'auni na huɗu: ya faɗi haɗarinsa?

Duba farashi ba ya canza komai a duniya. Tura kuɗi yana canzawa, kuma abin da ya fita ba lalle ya dawo ba. Bayani nagari yana faɗin wane iri ne shi. A watan Maris na 2025 aka ƙara wa ƙa'idar MCP wasu alamomi da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya gogewa da lalatawa, ko maimaita kiransa ba ya ƙara komai, ko kuma yana hulɗa da duniyar waje.

Alamar maimaitawa ce ta fi shafar ƙauyukanmu. Inda layin waya ke ɗaukewa a tsakiyar magana, ɗan aike zai tura kuɗi, amsa ta ƙi dawowa. Sun tafi ko ba su tafi ba? Idan ya sake turawa, za a biya sau biyu? Bayanin da bai amsa wannan ba, an rubuta shi ne don biranen da intanet ba ta yankewa. Ya kamata ya faɗi yadda ake tabbatarwa kafin a sake, ya kuma ce kada a tura sai an karanta wa mai kuɗin adadi da sunan mai karɓa ya amince.

Sai dai rubutu ba kwaɗo ba ne. A watan Yulin 2025 ɗan aiken kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani kamfani da ke amfani da shi, duk da an umarce shi kada ya taɓa komai. Shugaban Replit ya ba da haƙuri, gyaran da suka sanar kuma shi ne raba rumbun gwaji da rumbun aiki na gaske. Saboda haka mai auna bayani ya tambaya: wannan hani da aka rubuta, akwai shinge a cikin injin da ke tsare shi? Idan an ce kada a tura fiye da jika hamsin, injin da kansa ya ƙi abin da ya haura.

Ma'auni na biyar: gaskiya da amana

Bayani yana iya cika duk sharuɗɗan da suka gabata, amma ya saɓa wa abin da injin ke yi. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter. Takardar ƙa'ida ta ce a ba da alƙaluman ƙarfin turawa da awon mita, manhajar kamfanin Lockheed Martin kuma tana bayarwa da awon Amurka, saɓanin ya haura ninki huɗu. Takardar lafiya lau take, injin ne bai bi ta ba, kuma ba a gwada su tare yadda ya kamata ba. Irin wannan yana faruwa kullum a ƙananan manhajoji: a canza injin, a manta da bayanin. Mutum zai iya lura cewa takarda ta tsufa. Ɗan aiken na'ura yana ɗaukar ta a matsayin gaskiyar yau.

Mafi muni shi ne bayanin da aka sa wa guba da gangan. A watan Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin wani kayan aiki mai sauƙi na tara lambobi, umarnin ya sa ɗan aiken ya karanto fayilolin sirri ya fitar da su, mai amfani bai ga komai ba. Sun kuma nuna yadda za a sace tarihin hirar WhatsApp ta irin wannan hanya, da yadda mai kayan zai iya sauya bayanin bayan an riga an amince da shi. A yankin da ciniki da zumunci da shawarar noma duk suke bi ta WhatsApp, wannan ba labarin nesa ba ne. Ƙa'idar MCP da kanta ta yi gargaɗin kada a dogara da alamomin kayan aikin da ba a san tushensa ba. Alamar guba a bayyane take ga mai karatu da hankali: bayanin da ke magana a kan abin da bai shafi aikinsa ba, wanda ke ba da umarni game da wasu kayayyakin aiki, ko wanda ke cewa kada a sanar da mai amfani. Wajibi ne mutum ya iya ganin cikakken rubutun da na'ura ke gani, a kuma sanar da shi duk ranar da ya canza.

Tsawo ko gajarta?

A nan masana suna jan zare ta fuska biyu. Jagorar Anthropic tana ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan mai sarƙaƙiya ne. Jagorar OpenAI kuma tana ba da shawarar kada a jera wa basira kayan aiki fiye da ashirin a lokaci guda, domin yawansu na rikita zaɓi. Shawarwarin biyu ba sa karo da juna. Galibi duk bayanan ana loda su ne a kowace hira, saboda haka kowace jimla haya take biya. Ra'ayina shi ne a rage yawan kayayyakin, a wadata kowanne da bayani, a kuma auna kowace jimla da tambaya ɗaya: idan aka cire ta, wane kuskure ne zai dawo? Wadda ba ta da amsa, kamar kirarin cewa kayan aikin mai ƙarfi ne kuma na zamani, a share ta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Duk ma'aunan nan ana iya duba su da ido, amma hukuncin ƙarshe na gwaji ne. Tun 2024 jami'ar Berkeley take da allon gasa da ke auna yadda basirori daban-daban ke kiran kayan aiki, har da ko sun san lokacin da bai kamata su kira komai ba. Mai auna bayani sai ya juya tsarin: ya riƙe basira ɗaya, ya riƙa canza bayanin.

Zai fara da tara buƙatu na gaske daga bakin masu amfani, da lafazinsu: "Nawa tiya take yau?", "A ba Malam jika uku cikin kuɗin wake," "Geron da na ajiye bara, saura nawa?" Ya haɗa da masu harshen damo, da waɗanda kayan aikin ba zai iya biya ba. Sai ya duba abubuwa huɗu: ɗan aiken ya zaɓi kayan da ya dace? Ya cike guraben daidai? Ya farfaɗo bayan kuskure? Ya tsaya ya yi tambaya a inda ya kamata? A maimaita kowace buƙata sau da yawa, domin basira ba ta ba da amsa iri ɗaya kullum. A gwada da basira fiye da ɗaya. A ɓoye wasu buƙatun kada mai gyaran bayanin ya gan su, don kada ya rubuta abin da zai ci jarrabawa kawai. Sannan a zauna a karanta yadda hirar ta gudana, domin nan ake kama abin da alƙaluma ba sa nunawa. Ta haka Anthropic suka gano basirarsu na liƙa "2025" a ƙarshen kalmomin bincike ba dalili, suka magance shi da gyaran bayanin.

Yanzu ana yawan sa wata basira ta ba bayanai maki. Wannan yana da amfani wajen kama gurbin da ba shi da bayani ko jimlar da ta yi duhu. Amma tun 2023 bincike ya nuna basirar da aka naɗa alƙali tana karkata ga rubutu mai tsawo. Babbar matsalarta kuma ita ce ita ma baƙuwa ce. Za ta ba bayanin da bai ambaci dala ba cikakken maki, domin ba ta san akwai abin da ya ɓace ba.

Hujjojin masu ganin ba komai

Wasu na cewa basira na ƙara wayo kullum, nan gaba kaɗan ba za ta buƙaci dogon bayani ba. Gaskiya ne tana ƙara iya fahimtar magana mai rauni. Amma wayo ba ya samar da labarin da ba a faɗa ba. Ko farashin nan na sari ne, ko rumbun nan ya haɗa da hatsin da aka jinginar, wanda ya gina kayan ne kaɗai ya sani.

Wasu kuma na tambaya, da wane harshe za a rubuta? Basirorin yau sun fi ƙwarewa a Ingilishi da Faransanci, kuma binciken jami'ar Oxford na 2023 ya nuna rubutu ɗaya na iya cin token har ninki 15 a wani harshe fiye da wani. Don haka ba laifi a rubuta gundarin bayanin da harshen da injin ya fi ji. Sharaɗi shi ne ya ɗauki kalmomin da jama'a ke furtawa tare da ƙimarsu, a yi gwajin da Hausa, a kuma ajiye kwafin Hausa da shugabannin ƙungiya za su karanta su amince. Kundin mulkin da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa; bai dace takardar da ke juya kuɗin Bahaushe ta zama wadda ba zai iya dubawa ba.

Alhaki kuwa ba ya sauka a kan na'ura. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta ɗora wa kamfanin Air Canada nauyin bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja. Wanda ya aiki ɗan aike, shi ke da saƙon.

Kira

Hukuncina shi ne, bayanin kayan aiki ya inganta ne idan baƙon da ba shi da komai sai shi ya yi aikin daidai, ya kuma tsaya inda ya kamata ya tsaya, a kan buƙatun mutanen da za su yi amfani da shi. Wannan hukunci ba ya yiwuwa sai da waɗanda suka san wurin. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da takwarorinsu na Katsina da Kano, ga aiki a gabanku da ba ya buƙatar manyan injuna: ku shiga kasuwanni, ku tattara yadda ake tambaya da awo da lissafi, ku mayar da su jarrabawar da kowane kayan aiki zai bi kafin a kawo mana shi. Malaman gona, ma'ajin ƙungiyoyi da mata masu adashi, ku ne alƙalan da suka san inda kuskure yake ɓuya.

Duk wanda ya zo Gabi da manhaja yana cewa za ta yi muku ciniki ko ta riƙe muku lissafi, ku nemi ya karanta muku takardar da ya ba ɗan aikensa. Ku tambaye shi da wane awo take auna hatsi, da wane kuɗi take lissafi, me take yi idan layi ya yanke, wa ke iya canza ta, kuma da maganar su wa aka gwada ta. Idan ya kasa amsawa, kada ku ba shi amanar ko dala ɗaya.